Ƙudurorin gaggawa a majalisa: wai akwai wanda ya taɓa ganin amfaninsu a ƙasa?

Abu_Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka san harkar majalisa. Duk ranar da 'yan Majalisar Tarayya suka zauna, Talata zuwa Alhamis, labaran yamma cike suke da su. Wannan ya miƙe ya yi kuka asibitin mazaɓarsa babu likita, wancan ya ce hanyar garinsu tana cin rayuka, wani ya kawo maganar matasa marasa aikin yi. A tafka muhawara, a buga guduma, a ce majalisa ta buƙaci ma'aikata kaza ta ɗauki mataki cikin gaggawa, kwamiti ya kawo rahoto nan da mako huɗu. Daga nan shiru kake ji. Don Allah akwai wanda ya taɓa gani da idonsa an gyara wani abu saboda irin wannan ƙuduri? Ba zagi nake nema ba, sani nake so in yi.

DanTasha_Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam, ni a kan titi nake kwana nake tashi, kuma amsata ita ce babu. An ba da kwangilar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano a ƙarshen 2017. Tun daga lokacin majalisa nawa aka yi? Ta takwas ta yi magana a kanta, ta tara ta yi, ta goma ta zo ta ɗora. Ɓangaren Zariya zuwa Kano ya yi kyau, ban musa ba, amma Abuja zuwa Kaduna sai da aka kai ƙarshen 2024 gwamnati ta soke kwangilar, daga baya ta ba wani kamfani. Ka tambayi duk direban da tirela ta taɓa faɗuwa a gabansa a inda aka haɗe hannu biyu wuri guda. Fasinja su sauko su shimfiɗa kwali a gefen titi, mai jego tana kuka, kai kana lissafin man da ka ƙona a tsaye.

Ummu_Affan:
Ai shiru na minti ɗaya kawai suka iya. Allah Ya ji ƙan mutanen Majiya da gobarar tankar mai ta ci.

Barista_Kd:
Abu Sumayya, tambayarka tana da amsa a tsarin mulki. Abin da majalisa ke zartarwa iri biyu ne. Akwai ƙudurin doka, wanda ake yi wa karatu uku a majalisun biyu, a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Sashe na 58 ya ba shi kwana 30, in ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa za su iya tsallake shi ya zama doka. An taɓa yi a 2000, kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, zamanin Obasanjo. Sai kuma irin wanda kake magana a kai, na gaggawa. Shi wannan shawara ce kawai. Minista zai iya karantawa ya sa a durowa, babu kotun da za ta kama shi. Shi ya sa kullum kake jin "ta buƙaci", "ta yi kira".

Inda suke da haƙori shi ne sashe na 88 da 89, wato bincike da gayyato kowa ya zo ya yi bayani, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Sai kuma kasafin kuɗi, don ba a taɓa asusun gwamnati sai da amincewarsu.

Abu_Sumayya:
Na gode Barista. To in sun san shawara ce, me ya sa suke ɓata rabin zama a kanta?

Tsohon_Hadimi:
Bari in amsa wannan, don na yi wa wani ɗan Majalisar Wakilai aiki a ofishinsa, kuma ni nake rubuta masa irin waɗannan takardun. Mutum 360 ne a zauren. Sabon shiga zai iya shafe watanni makirufo bai zo gabansa ba. A gida kuwa 'yan adawa na yawo a rediyo suna cewa an tura kurma Abuja. To ƙudurin gaggawa shi ne hanya mafi sauƙi da za a ga fuskarsa. Da an kammala zama mu yanko bidiyon minti biyu, mu tura Facebook da zaurukan WhatsApp na mazaɓa, da dare a sa a shirin siyasa. An wuce wurin.

Amma kar a ce ba shi da amfani kwata-kwata. Idan majalisa ta amince da ƙudurin, akawun majalisa yana rubuta wa ma'aikatar. Wannan takardar ita maigida ke riƙewa ya bi ofis ofis, kuma lokacin kare kasafin kuɗi ya ɗaga ta ya ce ga abin da zaure ya amince da shi, ina yake a cikin kasafinku? Na ga kwalbati da aka yi ta wannan hanyar, na ga kayan agaji da aka kai wa mutanen da ambaliya ta ci. Sai dai ba ƙudurin ne ya yi aikin ba, bibiyar ce. Wanda ya karanta ya zauna, nasa ya mutu a nan.

Ummu_Affan:
Wato dai kun tabbatar mana da bakinku don bidiyo ake yi.

Tsohon_Hadimi:
Hajiya, ku ma masu zaɓe kuna da naku. Wanda ya zauna a kwamiti yana tona takardun ma'aikata babu mai yabonsa. Wanda ya raba babura da keken ɗinki shi ne gwarzo. A wayar maigida, cikin saƙo goma tara na kuɗin suna ne da kuɗin asibiti da neman aiki. Ban tuna wanda ya taɓa kira ya tambayi yadda ya jefa ƙuri'a a kan wata doka ba.

Nas_Hauwa:
Ni maganar lafiya ce ta ja ni. Ina aiki a ƙaramin asibiti a ƙauye, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne dokokin da ake kuka a kansu suna nan a rubuce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ƙananan asibitoci. Ita dai wannan dokar ta hana a mayar da mai neman taimakon gaggawa. A 2017 an yi dokar da ta ce a duba wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. A 2022 an yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Duk majalisa ce ta yi su. To wa ya hana su bi su ga ana aiki da su?

Ku zo ku ga dare a wurinmu. Mace ta zo haihuwa ƙarfe biyu, batirin sola ya mutu tun bayan isha'i, mijin ya riƙe mini fitilar waya ina aiki. Safar hannu shi zai je ya buga wa mai kemis ƙofa ya sayo. In jini ya ɓalle, sai a nemo mota a kama hanyar babban asibiti ana salati. Mu biyu ne masu takardar aiki, sauran 'yan sa-kai ne da ba a biyansu ko sisi, wasu sun shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su.

Malam_Sabo_Rimi:
Allah Ya saka miki da alheri 'yata. Amma ki yi wa 'yan Abuja adalci, ƙaramin asibiti na jiha ne da ƙaramar hukuma. Ɗan majalisar jiharku ya kamata ki tare. A Kano su 40 ne, kuma a cikinmu suke kwana, amma kowa ya tashi sai ya ɗaga kai ya hango Abuja.

Nas_Hauwa:
Baba, haka ne, albashinmu daga jiha yake. Amma kuɗin da na ambata daga tarayya yake saukowa. Kuma 'yan majalisar tarayyan ne ke zuwa su gina sabon ɗakin shan magani da sunan aikin mazaɓa, a yi fenti, a kafa allo da sunansu, ba tare da an tambayi jiha ko tana da ma'aikacin da za ta tura ba. Akwai irinsa kusa da mu, a kulle yake, awaki ke kwana a barandarsa.

Dr_Zango:
Nas Hauwa ta gama magana. Ni abin da ba zan manta ba shi ne 2023, da wani ɗan majalisa daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin dokar da za ta hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Har ya tsallake karatu na biyu kafin ƙungiyoyin likitoci su yi caa a kansa. Matsalar da ya hango gaskiya ce, ministan lafiya Farfesa Ali Pate da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Amma maimakon a tambayi abin da ya kore su, sai aka nemi ɗaure su. A nan Abuja aka zauna a 2001, ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi har yau wajen kashi 5 muke zagaye. Kasafin nan kuwa a hannun wa yake wucewa duk shekara?

Sarkin_Yakin_Mazaba:
Ku dai ba a iya muku. In sun yi shiru ku ce ɗumama kujera suke, in sun yi magana ku ce bidiyo. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, ba majalisa ce ta zartar ba? Bashin karatu na ɗalibai fa? Hukumar raya Arewa maso Yamma da Sanata Barau ya tsaya a kai har aka sa hannu? Gyaran tsarin mulki na 2023 da ya ba jihohi damar yin layin dogo da wutar lantarki nasu? Duk wannan ba aiki ba ne?

Barista_Kd:
Sarkin Yaƙi, duk abin da ka lissafa dokoki ne, ba ƙudurorin gaggawa ba, kuma tambayar Abu Sumayya a kan na biyun take. Shi ma albashin, ƙungiyar ƙwadago ce ta yi yajin aiki har da kashe babban layin wuta, aka daidaita a fadar shugaban ƙasa, majalisa ta zartar a rana guda.

Jobless_Graduate01:
A bar ni in yi maganar aiki, don nan ne ciwona. Kun tuna kwamitin da Majalisar Wakilai ta kafa a 2023 ƙarƙashin Yusuf Gagdi kan sayar da guraben aiki? Kullum ina gaban waya ina kallo. Mutane suka zo gaban kwamiti suka faɗa da bakinsu cewa sun biya miliyan ɗaya zuwa sama don a ba su aiki, aka ambaci Hukumar Raba Daidai, wadda ita ce ma aka kafa don hana son kai. Aka fallasa yadda hukumomi ke karɓo izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da an tallata ba, a raba guraben a tsakanin manya. Na ce to, yau dai asiri ya tonu. Ina aka kwana? Ni da na gama bautar ƙasa ina nan ina cajin waya da POS a bakin kasuwa. Kwanaki wani ya kira ni wai akwai ofa, wato takardar ɗaukar aiki, in kawo miliyan biyu, rabi yanzu rabi in an sa ni a tsarin albashi. Ko da halal ce, a ina zan samo?

Ummu_Affan:
Kar ka ba kowa ko kwabo ƙanena. Ɗan yayata gona aka sayar aka biya masa, takardar da aka ba shi ta bogi ce. Har Abuja ya je kama aiki, mai gadi ya dawo da shi daga bakin ƙofa.

Tsohon_Hadimi:
Abin da ba a faɗa a zaure shi ne, su kansu 'yan majalisar ana ba su kaso idan hukumar da suke sa wa ido za ta ɗauki ma'aikata. Wanda aka ba gurbi biyar ya kai mazaɓa ya yi taron miƙa takardu da maroƙa, yaya zai yi ya tsaya kai da fata sai an tallata?

Mai_Lissafi:
Kuma a takarda ma ai matsalar ta ragu, haha. Hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020. Da aka canza ma'auni a 2023 sai ya dawo 4.1, saboda yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi mai aiki ne. Jobless, a lissafin gwamnati kai ma'aikaci ne, ka canza suna.

Jobless_Graduate01:
Allah Ya isa dai.

Malam_Sabo_Rimi:
Yara, aikin gwamnati ba zai taɓa ɗauke ku duka ba, ko da ba a sayarwa. Mu da muka taso, Kakuri a Kaduna da Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano su ne suka riƙe jama'a. In aka tashi daga masaƙa da yamma, kekuna ne ke cika titi har mota ba ta samun wucewa. Wuta ta gagara, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Tun ina da baƙin gashi nake jin majalisa na kiran a farfaɗo da masaƙu.

Bamaradi:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ku da kuke da majalisar da za ku zaga ma kun gode Allah, mu tun juyin mulkin Yulin 2023 aka rusa tamu. Tambayata ga DanTasha, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ana aiki kuwa a ɓangarenku?

DanTasha_Kawo:
Ana yi ɗan uwa, in ka bi ta Kazaure da Daura za ka ga aiki. Ranar gamawa ce dai sai Allah. Ni ma da zai zo da na huta, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 sana'ar nan ta zama wahala. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000. Ka ƙara kuɗin mota fasinja ya zage ka, ka bari ka koma gida hannu rabbana. Motocin gas da ake ta faɗa, ka je ka ga layin da ake yi a 'yan gidajen da ke sayar da shi.

Alhaji_Kumasi:
Salamu alaikum daga Zango. Mu a Gana tsarin mulki ya ce yawancin ministoci daga cikin 'yan majalisa za a ɗauko su, kuma akwai lokacin tambayoyi da minista ke tsayawa a zaure ya amsa, hanya kaza yaushe za a gama, asibiti kaza me ya tsayar da shi. Ba na ce hakan na gyara komai ba, mu ma muna kuka da hanyoyinmu. Amma aƙalla akwai wanda ya yi alkawari da bakinsa, an rubuta, gobe a tuna masa.

Barista_Kd:
Alhaji, mu namu tsarin irin na Amurka ne, ɗan majalisa in aka ba shi minista sai ya bar kujerarsa. Ana gayyatar ministoci, amma galibi gaban kwamiti, kuma sau da yawa sai su turo babban sakatare ko darakta. Akwai ma kwamiti na musamman a majalisun biyu da aikinsa kawai bibiyar ko an aiwatar da ƙudurorin da aka zartar. Da ana wallafa rahotonsa duk wata uku, ƙuduri kaza an yi, kaza ba a yi ba, da Abu Sumayya bai buƙaci tambayarmu ba.

Ummu_Affan:
Ni fa har yanzu maganar Majiya ce a raina. Oktoban 2024 tankar mai ta kama da wuta, mutum sama da 150 suka tafi, aka yi kabari na bai ɗaya. Wata uku bayan nan aka sake yi a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Ga kwale-kwale, Patigi a 2023, Bagwai a 2021 da yara 'yan Islamiyya a ciki. Kowanne an tashi an yi shiru, an yi kira.

Sarkin_Yakin_Mazaba:
To ai bayan Dikko an hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi daga Maris 2025. Kin ga ihun ya yi rana.

DanTasha_Kawo:
Hukumar kula da harkar mai ce ta hana, kuma gawarwakin da duniya ta gani ne suka sa. Rage lita ba ya cike rami, ba ya sa wa tanka birki.

Mai_Lissafi:
Ku bi kuɗin ku ga inda hankalinsu yake. Naira biliyan 100 ake warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu, ban da abin da ake cusawa a kasafin hukumomi. Sanata Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa a Maris 2024 ya ce akwai kusan tiriliyan 3.7 a kasafin da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, aka dakatar da shi wata uku. Wannan ba a tura shi kwamiti ya kawo rahoto nan da mako huɗu ba, a zama ɗaya aka gama. Sanata Kawu Sumaila kuma ya faɗa a 2024 cewa kuɗin gudanar da ofis da yake karɓa miliyan 21 ne a wata.

Sarkin_Yakin_Mazaba:
Majalisar ta musanta maganar Ningi, ta ce kuɗin na hukumomin da ake cire musu kasonsu kai tsaye ne, irin su hukumar zaɓe da ɓangaren shari'a. A riƙa faɗin duka ɓangarorin. Kuma kuɗin ofis da kuke gani, rabinsa a kan jama'ar mazaɓa yake ƙarewa, Tsohon Hadimi shaida ne.

Tsohon_Hadimi:
Kar ka sa ni a ciki, ranka ya daɗe. Wasu suna kashewa a kan jama'a, wasu suna canza lambar waya.

Jobless_Graduate01:
To wai ba a yi musu kiranye ne?

Barista_Kd:
Sashe na 69 ya ba da dama, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye, a 2018 ya rushe a wurin tantancewa. A ƙasar da mutanen da ke fitowa zaɓen kansa ba su kai rabi ba, ka ga nisan tafiyar.

Abu_Sumayya:
Na karanta duka, Allah Ya saka. Kawo yanzu dai kwalbatin Tsohon Hadimi ne kaɗai misalin da na samu. In akwai mai wani ya kawo, da sunan gari da shekara, ba "an ce" ba.

Nas_Hauwa:
Tsohon Hadimi, tambaya ta gaske. In mutanen ƙauyenmu suna so a buɗe wancan ginin da ke kulle, wa za su rubuta wa, ɗan majalisar da ya gina ko na jiha?

Tsohon_Hadimi:
Duka biyun, da kwafi zuwa hukumar kula da ƙananan asibitoci ta jiha, don ita ke tura ma'aikata. Kwamitin lafiya na gundumarku ya rubuta, dagaci da limami da shugabar mata su sa hannu, a haɗa da hoton ginin. Kar ku ba yaron ɗan siyasa, ku kai ofis da kanku a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. In wata biyu ya wuce shiru, ku ɗauki kwafin nan ku kai gidan rediyo.

Malam_Sabo_Rimi:
Kuma ku kai kafin a gama kasafin jiha, ba bayan an sa hannu ba.

DanTasha_Kawo:
Ni lodi ya zo kaina, sai na sauka. Wanda zai bi hanyar Abuja gobe ya fita da asuba, yau tireloli sun tsaya cak bayan Tafa.